Waya za ta iya maye gurbin na'urar ceto idan dusar ƙanƙara ta binne mutum?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a birnin Innsbruck na ƙasar Ostiriya. Abokan karatuna sun gayyace ni hawan tsauni da katakon zamiya a waje da filayen da ake gyarawa, kuma sun ce dole in nemi wata na'ura da suke kira LVS, wadda ake gano mutum da ita idan dusar ƙanƙara ta zaftaro ta binne shi. Na duba kuɗinta, ya yi mini yawa. Wayata sabuwa ce, tana da GPS, tana ma iya aika saƙon gaggawa ta tauraron ɗan'adam. Ba za ta wadatar ba? Sannan wani ya ce mini waya tana ɓata aikin na'urar. Gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Waya ba za ta wadatar ba, kuma wanda ya ce maka tana iya ɓata aikin na'urar bai yi ƙarya ba. Aikina na rediyo ne da eriya, na kuma daɗe ina koya wa sababbin masu hawa tsauni yadda ake neman wanda dusa ta binne, saboda haka zan yi maka bayanin dalilan sosai. Wanda ya gane dalili ba ya manta doka a ranar da hankalinsa ya tashi.

Mu fara da lokaci, domin a kansa komai ya rataya. Dusar da ta zaftaro ba ta zama da laushi irin wadda kake takawa a bakin titi da safe. Tana gangarowa da gudu tana niƙe kanta, da zarar ta tsaya sai ta cushe ta yi tauri, har mutumin da ke ƙarƙashin rabin mita ba ya iya motsa hannunsa, balle ya zaro waya daga aljihu. Ka riƙe wannan da kyau: wanda aka binne ba ya danna komai. Duk tsarin da yake buƙatar ka buɗe manhaja ko ka taɓa maɓalli bayan abin ya faru, ba shi da amfani a wurinka. Kusan uku cikin huɗu na masu rasuwa a irin wannan hatsari shaƙewa ce ke kashe su. Ko dai dusa ta toshe baki da hanci, ko kuma numfashin da mutum ya fitar ya taru a ɗan ramin da ke gaban fuskarsa ya riƙa sake shaƙarsa har ya suma. Sauran galibi buguwa ce da dutse ko itace.

A 1994 likita Hermann Brugger da abokan aikinsa suka wallafa bincike a mujallar Nature kan mutanen da dusa ta binne a Suwizalan. Waɗanda aka tono cikin minti 15 na farko, kashi 92 cikin 100 an same su da rai. Zuwa minti 35, adadin ya faɗo zuwa kashi 30. A 2011 Pascal Haegeli da abokansa suka kwatanta wannan da alƙaluman Kanada, suka ga a can faɗuwar tana farawa tun wajen minti 10. Shi ya sa malamai da yawa yanzu suke koyar da minti 10 a matsayin wa'adi.

To ka lissafa da kanka. Ka kira, an ɗauka, ka faɗi inda kake, an tayar da jirgi mai saukar ungulu, ya taso, ya nemi wurin sauka, ma'aikata sun fito sun fara nema. Ko a Tirol, jihar da Innsbruck take, inda jiragen ceto suke da yawa kuma ma'aikatansu ƙwararru ne na gaske, da wuya a gama wannan duka a tono mutum cikin minti 15. Idan akwai hazo ko iska mai ƙarfi, jirgin ma ba zai tashi ba. Waɗanda suke da damar fito da kai da rai su ne abokan da kuka hau tare, kuma ba su da hanyar sanin inda kake sai wannan na'urar. Su ma rayuwarsu tana hannunka haka nan. Abokanka ba don kai kaɗai suka ce ka nemo ta ba. Idan ka zo ba ka da ita, ba za ka iya neman ɗayansu ba.

Na'urar kanta aikinta biyu ne. Tun daga inda kuka ajiye mota kowa yana kunna tasa a kan aikawa, tana fitar da ɗan bugu na sigina kusan sau ɗaya a kowane daƙiƙa, ba tsayawa, har ku dawo. Idan dusa ta binne wani, waɗanda suka tsira sai su juya nasu zuwa nema, allon ya nuna musu kibiya da adadin mita. John Lawton ne ya ƙera ta farko mai aiki sosai a 1968 a garin Buffalo na Amurka, aka sa mata suna Skadi, tana aiki a kan kilohaz 2.275. Daga baya kamfanoni suka rarrabu, na'urar wani ba ta jin ta wani, har a 1986 hukumar ceton tsaunuka ta duniya, ICAR, ta tsayar da kilohaz 457 ga kowa. A kansa ake har yau. Ko wane kamfani ya ƙera na'urar, Mammut Barryvox tana jin Pieps, Ortovox tana jin Arva da BCA Tracker, ta bara tana jin ta shekara goma da suka wuce. Ƙa'idar Turai ta kuma wajabta cewa da sabon batir na'ura ta iya aikawa na awa 200, sannan ta yi saura da ƙarfin yin nema na awa ɗaya cikin sanyi. Ka kwatanta wannan da wayarka, wadda kan mutu tana nuna kashi 30 idan sanyi ya kama ta.

Me ya sa aka zaɓi kilohaz 457? A nan ne asalin amsar tambayarka take. Wannan zango yana ƙasa kaɗan da matsakaicin zango na rediyo, wanda ke farawa daga wajen kilohaz 530. Idan ka taɓa buɗe ƙaramar rediyon da ake sauraron labarai da ita a gida, ka ga wata baƙar sanda da aka naɗe da siririyar wayar tagulla. Ita ce eriyar matsakaicin zango, kuma ita ce dalilin da ya sa ake jujjuya rediyo kafin tasha ta fito tar. Irin wannan sandar ce a cikin na'urar ceto, sai dai na zamani suna da eriya uku da ke kallon fuskoki uku, don kwamfutar ciki ta gane daga ina sigina take zuwa. A wannan zango tsawon igiyar rediyo ya kai mita 656, saboda haka a tazarar da ake nema abin da na'ura ke bi shi ne filin maganaɗisu da ke kewaye da eriyar wanda aka binne. Dusa, ƙanƙara da jikin mutum kusan ba sa rage wannan fili. Ko mutum yana kwance ruf da ciki a kan na'urarsa, da mita biyu na dusa a bisansa, siginar tana fitowa.

Waya ba ta da wannan eriya, kuma babu manhajar da za ta ƙirƙiro mata ita. Bluetooth da WiFi suna aiki a kan gigahaz 2.4, inda tsawon igiyar kusan santimita 12 da rabi ne kawai. Ruwa yana shanye irin wannan sigina. Jikinka galibinsa ruwa ne, dusar da ta zaftaro ta cushe kuma, musamman mai danshi, tana rage ta ƙwarai; abin da ya tsira yana tsalle daga dutse zuwa itace, sai kibiya ta nuna inda ba nan ba. GPS kuwa a sarari, sama a buɗe, yana kuskure da mita biyar ko makamancin haka, a cikin kwari mai tsayin bango ya fi haka, a ƙarƙashin dusa kuma sai abin da hali ya yi. Mita biyar ƙanƙanuwar tazara ce ga mai neman shago a cikin gari. Ga mai tono, da'irar mita biyar ta kowane ɓangare ta kusa murabba'in mita 80, alhali tono mutum ɗaya daga zurfin mita ɗaya kawai yana nufin kwashe dusar da ta haura tan ɗaya. Na'urar ceto a hannun wanda ya iya tana kai shi ƙasa da mita ɗaya daga kan mutumin, sandar caka, wato doguwar siririyar sanda da ake sokawa cikin dusa don a taɓo mutum, ta ƙarasa sauran.

An ma gwada abin da kake tunani. A watan Oktoban 2013 cibiyar lura da zaftarewar dusa ta Kanada, wadda yanzu ake kira Avalanche Canada, ta fitar da gargaɗi kan manhajoji uku da aka tallata a matsayin madadin na'urar mai araha: iSis, SnøG da SnoWhere. Matsalolin da ta lissafa su ne waɗannan da na faɗa, da ƙarin wata babba: kowace manhaja ba ta ganin komai sai wayar da ke ɗauke da irinta. Ba ta jin na'urar ceto, na'urar ceto ba ta jin ta. Idan ma'aikatan ceto suka iso da na'urorinsu, ko wasu matafiya da ke kusa suka rugo don taimako, a wurinsu kamar babu kowa a ƙasan. Saƙon tauraron ɗan'adam da ka ambata, wanda Apple ya fara da iPhone 14 a 2022, abu ne mai kyau, amma yana buƙatar mutum ya riƙe wayar ya nuna ta sama ya amsa tambayoyi. Abokinka da ke tsaye a sarari ne zai amfana da shi, inda babu sabis.

Yanzu ga rabin tambayarka na biyu, wanda na fi damuwa da shi, domin yana shafar har waɗanda suka sayi na'ura mai tsada suka ɗauka sun gama.

Ƙarfin filin maganaɗisun nan yana raguwa da sauri ƙwarai. Idan ka ninka tazara sau biyu, abin da ya rage kashi ɗaya ne cikin takwas. Kafin ka kai mita 40 ko 50 daga wanda aka binne, abin da ke isowa na'urarka ɗan raɗa ne, kuma dole ta buɗe kunnenta iya buɗewa kafin ta ji shi. A wannan hali duk wata ƙara da ke kusa da ita tana danne shi. Waya tana da irin wannan ƙara. Mutane suna zaton kiran waya ne ko intanet ke kawo ta, shi ya sa suke sa waya a yanayin jirgi su kwantar da hankali. Zangon kira yana can sama nesa da kilohaz 457. Ƙarar tana fitowa ne daga allon wayar, da ƙwaƙwalwarta, da ƙananan da'irorin da ke sauya ƙarfin wutar batir, waɗanda ke kunnawa da kashewa sau dubbai a daƙiƙa. Waɗannan suna aiki ko da an yanke sabis. Kana iya ji da kunnenka: ka sami rediyo, ka kai ta ƙarshen matsakaicin zango ta ƙasa inda babu tasha, ka kusanto da waya allonta a kunne. Za ka ji ƙara ta tashi. Ka sa ta a yanayin jirgi, za ka ji ba ta tafi ba. Ka ja da ita baya tsawon hannu, ta ɓace.

Wannan ƙarar tana yin ɓarna iri biyu yayin nema. Ta farko, tana rage nisan da na'ura ke ji, ta yadda wadda aka rubuta mata mita 60 za ta iya wuce mutum a tazarar da ba ta kai rabin haka ba, shiru, ba tare da ta nuna akwai matsala ba. Ta biyu ta fi muni: kwamfutar na'urar tana iya ɗaukar ƙarar a matsayin sigina, ta nuna kibiya da lamba alhali babu kowa a wurin. Na ga ɗalibai a filin gwaji suna bin irin wannan kibiyar ƙarya da gudu, lambar tana tsalle daga 40 zuwa 25 ta koma 50, su kuma suna zagaye, wayar tana aljihun ƙirji daidai inda suka riƙe na'urar. A filin gwaji jaka ce aka binne. A kan tsauni, minti uku da aka ɓata haka sun cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na wa'adin.

Sa'ar da aka yi ita ce ƙarar wayar ma tana raguwa da tazara da irin wannan saurin. Daga nan aka samo lambobi biyu da za ka ji kowane malami yana maimaitawa, kuma su ne ƙungiyar masu hawa tsaunuka ta duniya, UIAA, ta tsayar a shawarwarinta: santimita 20 yayin aikawa, santimita 50 yayin nema.

Yayin aikawa, wato duk tsawon tafiyarku, wayarka tana iya zama a kunne, amma ta yi nesa da na'urar da aƙalla santimita 20, kusan taƙi ɗaya. A nan ƙara ba ita ce babbar damuwa ba, tunda na'urar magana take yi, ba sauraro ba. Damuwar ƙarfe ne da maganaɗisu. Idan ƙarfe ya manne da eriya yana karkatar da ita ya rage ƙarfin abin da take fitarwa, sai masu nemanka su kasa jin ka daga nesa. Waya tana da ƙarfe da batir, kuma tun daga iPhone 12 akwai zoben maganaɗisu a bayanta. Haka ma batirin ajiya na caji, da takardar azurfa ta cakulan ko ta abinci, da makullai, da maɓallin maganaɗisu na wasu riguna, da bakin shebur. Kuskuren da na fi gani shi ne wannan: na'ura tana rataye a ƙirji a cikin ɗamararta, mutum kuma ya zura waya a aljihun ƙirji na riga don kada sanyi ya kashe batir, sai ta kwanta a kanta daidai. Idan na'urar tana ƙirji, ka sa waya a aljihun cinya ko a saman jakar baya. Idan kana sa na'urar a aljihun wando mai zif, a ɗaure da igiyarta, to waya ta koma aljihun ƙirji na ɗaya ɓangaren, kuma kada wani abu ya shiga aljihun na'urar. Ka tuna dusa tana naɗe mutum tana murɗa tufafinsa, saboda haka ka bar tazara da ta fi ƙa'ida, kada ka tsaya a kan iyaka. Na'urar kuma kullum a ƙarƙashin riga take, allonta yana kallon jiki. Kada ta taɓa shiga jakar baya, don dusa tana iya fizge jaka ta kai ta wani wuri, a je a tono jaka a bar ka.

Yayin nema doka ta fi tsanani. Wanda ke riƙe da na'ura yana nema ya kashe wayarsa gaba ɗaya, ba yanayin jirgi ba. Ya cire safar hannu mai ɗumama da batir idan yana da ita, domin tana daga cikin mafi munin masu ƙara kuma a hannun da ke riƙe da na'urar take. Idan yana da agogo mai allo, ya riƙe na'urar da ɗaya hannun. Kyamarar da aka ɗaura a ƙirji a kashe ta. Abin da ba makawa sai da shi, kamar fitilar goshi da dare, ya kasance da tazarar santimita 50. Wanda zai kira agaji kuma ya matsa aƙalla mita 10 daga mai nema. Wasu malamai suna cewa 25, kuma idan fili ya ba da dama ni ma na fi son hakan. Shi ma mai kiran dole ya sauke na'urarsa daga aikawa, in ba haka ba masu nema za su biyo shi. Wannan kuskure yana faruwa fiye da yadda kake zato: mutum ya rikice, ya zaro waya yana ihu a ciki, ya manta na'urarsa tana ta bugawa a ƙirjinsa. Idan kuma kuna kusa da abin da ba za ku iya kashewa ba, kamar manyan wayoyin lantarki ko injin ɗaga masu zamiya, ku rage faɗin layin da kuke bi zuwa mita 20, kuma kada ku amince da kibiya sai lambar tana raguwa a jere yayin da kuke matsawa.

Wasu sababbin na'urori suna gane ƙara su yi maka gargaɗi a allo, wasu suna sauya eriyar aikawa idan sun ji ƙarfe a kusa. Ci gaba ne, ina maraba da shi, amma ban yarda mutum ya jingina da shi ya bar ƙa'idar tazara ba. Akwai kuma waɗanda ake haɗawa da waya ta Bluetooth don sabunta su ko canza saiti. Wannan aikin gida ne, kafin a fita.

Tambayar da ta fi wuya ita ce idan ku biyu ne kacal, abokinka ya nutse, kai kaɗai ka rage: kira za ka fara ko nema? Ga abin da nake koyarwa. Da farko ka bi shi da ido har inda ka daina ganinsa, ka riƙe wurin a ranka, domin daga nan zuwa ƙasa za ka nema. Ka duba ko wata dusar za ta sake biyowa. Idan akwai sabis nan take, ka yi kira gajere: wuri, mutum nawa, ƙarfe nawa, ka ce za ka kashe waya don ka yi nema, sannan ka kashe ta. Idan babu sabis, kada ka bar wurin don neman sa. Ka nemi abokinka, ka caka, ka tona, ka buɗe masa fuska ka share bakinsa da hancinsa, sannan ka koma kan waya. Idan kun kai uku ko fiye, a raba aikin nan take, kuma mutum ɗaya ne zai raba shi da babbar murya.

Kada wannan ya sa ka bar waya a gida. Tana da aikinta, kuma aikin babba ne. A Ostiriya lambar ceton tsauni 140 ce, 112 kuma tana aiki a duk Turai, tana kuma bi ta kowane kamfanin sadarwa da ke da sabis a wurin ko da ba naka ba ne. A Tirol akwai manhajar SOS EU ALP da ke aika wa cibiyar agaji ainihin inda kake. Ka sauke ta ka gwada tun kana ɗaki. Wasu jiragen ceto suna ɗauke da kayan da ke kama siginar waya daga sama don neman wanda ya ɓata, kamar yadda suke ɗauke da injin RECCO da ke gano ƙananan tambarin da ake ɗinkawa a rigunan zamiya. Waɗannan kayan ma'aikata ne, suna isowa tare da su, bayan wa'adin da muka yi magana a kai.

Amfanin waya mafi girma yana zuwa ne tun daren jiya. Hukumomin Tirol da na maƙwabtanta Tirol ta Kudu da Trentino da ke Italiya suna fitar da rahoton haɗarin zaftarewa tare, kullum da ƙarfe 5 na yamma don washegari. Ma'aunin Turai yana da mataki biyar tun 1993. Sababbi sukan ga mataki na 3 su ɗauka matsakaici ne, alhali kusan rabin mace-mace a wannan matakin suke faruwa. Rahoton yana faɗin tsayin da haɗarin ya fi yawa da fuskokin tsaunin da suka fi muni. Taswirorin waya kuma suna nuna gangaren da ya haura digiri 30 da launi, kuma daga digiri 30 zuwa 45 ne mafi yawan zaftarewar da ke kashe mutane ke tashi. Wajen tara cikin goma na waɗannan hatsarori, wanda abin ya rutsa da shi ne ko wani daga cikin ayarinsa ya tayar da dusar da nauyinsa. A tsaunukan Alps ana rasa kusan mutum 100 a shekara ta wannan hanya, kuma da yawansu suna ɗauke da na'ura mai aiki. Na'ura ba ta hana dusa zaftarowa, ba ta kuma kare kai daga dutse. Ka tambayi abokanka wane gangare za ku bi, mataki nawa rahoto ya bayar, me ya sa suka zaɓi wannan hanya. Idan ba su da amsa, ka haƙura da tafiyar ko da sun ba ka na'ura kyauta.

Maganar kuɗi kuma, na san Yuro 200 zuwa 400 ba ƙaramin abu ba ne ga ɗalibi. Ba sai ka saya ba tukuna. Shagunan kayan wasanni a Innsbruck suna ba da hayar na'ura da shebur da sandar caka tare, rassan ƙungiyar masu hawa tsauni ta Alpenverein ma suna ba mambobinsu aro da ɗan kuɗi kaɗan, kuma hedkwatar ƙungiyar a garinku take. Zama mamba yana zuwa da inshorar kuɗin ceto, abin da ya kamata ka sani, domin inshorar lafiya ta yau da kullum a Ostiriya galibi ba ta biyan kuɗin jirgin da ya ɗauko mutum daga wurin wasa a tsauni, kuma kuɗin yakan kai dubban Yuro. Kayan uku ne, ba a raba su: na'ura tana kai ka kusa, sanda tana tabbatar da wurin da zurfin, shebur na ƙarfe yana fito da mutum, kuma tono ne ke cin mafi yawan lokacin. Idan za ka sayi ta hannu, ta zama mai eriya uku, ka kuma sa a duba ta, don tsofaffi sukan kauce daga kan zangonsu. Ka yi amfani da irin batirin da kamfanin ya ce, galibi alkalin, kada ka sa mai caji sai idan an ƙera ta don haka.

Kafin ka bi su, ka roƙi abokanka ku je fili mai dusa da rana ɗaya. Ku sa na'ura a cikin jaka, ku binne ta da zurfin da ya kai rabin mita ko fiye, ka neme ta, ka caka, ka tona, wani yana riƙe da agogo. Ka maimaita har hannunka ya san maɓallin nema ba tare da ka duba ba, da safar hannu a hannunka. Sannan ka yi gwaji ɗaya na ƙarshe: ka ja baya har inda na'urarka ta fara jin siginar daga nesa, ka yi alama a dusa, ka ɗora wayarka allo a kunne kusa da ita ka ga abin da lambar za ta yi. Ranar tafiya kuma, kafin ku bar wurin ajiye mota, mutum ɗaya ya tsaya ya gwada na'urar kowa ɗaya bayan ɗaya, cewa tana nema kuma tana aikawa, ya tambayi kowa batirinsa nawa ya rage da aljihun da wayarsa take.